Bikon Jajayen Tururuwa

A gidan Malam Muntaka tela, a cikin garin Lafiya, akwai bishiyar mangwaro guda ɗaya, kuma an fi yin magana a kanta fiye da kan duk wani mai numfashi a gidan. Kakansa ne ya zo daga Kano da allura da almakashi, mahaifinsa ya sayi filin, shi Muntaka kuma ya dasa mangwaron, irin mai aure, wanda in ya nuna ko ƙwallonsa ba a son jefarwa. Da idonsa ya fara gajiya sai ya bar wa ɗansa Sadisu shago da kekunan ɗinki, ya dawo gindin bishiyar da tabarmarsa yana ɗinkin hula da hannu. Ya ce a duk Lafiya nan ne kaɗai haske ke zuwa daidai da idonsa. A rana zare yana ɗaukar masa ido, a ɗaki kuma kafar allura ɓacewa take yi.

Matarsa Hajiya Zuwairatu kantun riɗi take yi, yaran shaguna suna zuwa sari. Ita a wurinta bishiyar nan shara ce da safe, shara da yamma, sannan ga tururuwa. Wasu jajayen tururuwa ne masu dogayen ƙafafu, da ke naɗe ganye su yi sheƙa kamar ƙullin alale. Cizonsu ba ya kisa, amma yana sa dattijo ya yi rawar da bai yi ba tun yana saurayi.

Wata rana ɗaya daga cikinsu ta faɗo wa Zuwairatu a bayan kunne tana ɗauke da farantin kantu mai zafi. Farantin ya kife. Abin da ta faɗa a ranar bai kamata a maimaita ba, amma Muntaka ya fahimci saƙon. Ya kira mai feshi, aka yi wa bishiyar wanka da maganin ƙwari, jajayen suka zubo kamar an kaɗe barkono.

Ba a jima ba suka dawo. Muntaka ya bi sawunsu ya gano hanyar. A bayan katanga akwai gidan Madam Msurshima, 'yar Tibi mai sayar da doya, ita ma tana da mangwaro, kuma wani reshensa ya tsallako ya rungumi nasu. Ta nan suke bi. Muntaka ya jira ta tafi kasuwa, ya sa aka sare reshen, aka sake feshi.

Da ta dawo ta hau turmi ta leƙo.

"Baba Tela, wane ne ya yanka itace na?"

"Reshe ne ya shigo gidana ba sallama."

"Inuwa da yake ba ka, shi ma ba sallama ya shigo. Ka mayar mini da shi."

Daga ranar gaisuwa ta yanke tsakaninsu. In sun haɗu a lungu, kowa sai ya sami abin kallo a bango.

Muntaka ya sami zaman lafiya na wasu watanni, ya zaci ya gama. Ɗan Adam in ya kori wani daga wuri yakan ɗauka wurin zai zauna wayam yana jiran umarninsa. Duk wanda ya taɓa ganin an sauke shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ya san kujera ba ta wuni babu kowa a kai, kuma ba kasafai wanda ya hau yake fin wanda aka sauke kunya ba. Kiyashi ne suka hau, ƙananan nan masu duhu, waɗanda a da ba su isa su taka gindin bishiyar ba. Suka fito daga ƙasa suka cika rassa, suka yi kiwon wasu fararen ƙwari masu kama da auduga har ganye ya yi baƙi. Da suka ga babu mai tare su, sai suka buɗe reshe a kicin. Zuwairatu ta sa ƙafafun tebur a cikin gwangwanin ruwa, suka bi ta rufi suka sauko. Kantu kuwa riɗi ne da sukari, in kiyashi ya maƙale a ciki sai mai ido ne zai bambance shi da riɗi, kuma masu sayen nata duk masu ido ne.

Da lokacin mangwaro ya zo, 'ya'yan suka yi kyau a ido. Zuwairatu ta yanka na farko, ciki ya yi ruwa, tsutsa tana miƙa a ciki. Na biyu haka, na uku haka. Sauran suka riƙa faɗowa da kansu suna ruɓewa, ƙuda ya tare a tsakar gida.

"Malam," in ji ta, "a gaya min amfanin wannan bishiya."

"Inuwa."

"Kwano ma yana inuwa, kuma ba ya haihuwar tsutsa. A sare ta, a yi min rumfa da siminti in riƙa shanya kantuna kamar mutane."

"Hajiya, tare muka girma da ita a gidan nan."

"Ni ma tare muka girma, ban ruɓe ba."

Sadisu ya shigo cin abinci, aka kafa shi shaida ba da son ransa ba. Aka tsaya a kan magana guda: za a bar bishiyar ta sake haihuwa sau ɗaya. In baɗi Zuwairatu ta yanka ta ga tsutsa, Luqman mai injin yankan itace zai zo, kuma Muntaka ba zai ce uffan ba.

Yana zaune yana tunanin inda zai kai allurarsa in an sare, sai wani mangwaro ya faɗo daga bishiyar Msurshima ya gangaro har bakin tabarmarsa. Ya dubi ƙofar kicin, ya dubi katanga, ya ga ba kowa. Ya goge shi da hannun riga ya gatsa. Lafiya ƙalau, har ƙwallo. Katanga ɗaya ce tsakanin bishiyoyin nan, ruwa ɗaya, rana ɗaya.

Washegari da hantsi ya ja benci ya hau, ya sa tabarau, ya leƙa. Wani reshe na kusa da hancinsa, kuma a kansa jajayen suna aiki. Da farko tsoro ne ya hana shi motsi, daga baya kallo ne. Sun jeru a bakin ganye, sun kama bakin wani ganyen da haƙora suna ja. Inda tazara ta yi yawa, wannan ta kama ƙugun waccan, waccan ta kama na gaba, suka yi sarƙa da jikinsu har bakin ya haɗu. Sannan wasu suka fito daga ciki, kowace riƙe da wata 'yar farar tsutsa, ɗiyarsu, tana dangwala kan tsutsar nan, ta dangwala can, zare fari yana fita daga bakin tsutsar. Muntaka ya yi shekara da shekaru yana ɗinki, ya san aiki in ya gani. Ɗinkin ciki ne, ba a ganin zare daga waje, ba tattara, ba gibi. Ya tuna yaran da ya koya wa sana'a, waɗanda ko da alli ba sa iya bin layi.

"Ashe teloli na sa aka fesa wa guba," ya faɗa a ransa.

Yana nan sai ga wani ɗan ƙuda mai ɗigon rawaya ya sauka a kan mangwaro. Ya taka nan, ya taka can, kamar mai shinshina, ya tashi bai yi komai ba. Wani ya zo ya daɗe, ya fara lanƙwasa gindi zai soki ɓawo ya zuba ƙwan da ke zama tsutsa. Kafin ya gama niyya jajaye uku sun kama shi, kowace ta ja ƙafa ɗaya, suka shimfiɗa shi kamar fata a majema, suka tafi da shi. Muntaka ya gane ƙudan. Irinsa ne ke wuni a kan nasa mangwaron, kiyashi suna wucewa ta gefensa ko kallo bai ishe su ba.

"Baba Tela, me kana nema a gida na da ido?"

Msurshima ce a ƙasa, riƙe da tsintsiya.

"Katanga nake dubawa, ko ta tsage."

"Ya tsage?"

"Ba ta tsage ba."

"To sauka kafin kai ka tsage."

Ya sauka. Roƙon mutumin da ka sare wa reshe ba abu ne da ake yi da ƙafa ɗaya ba, don haka ya nemi wata hanya. Yana da tsohon aboki a Kwandere, Ɗanladi, Bagwandare mai gonar yazawa, kuma gonar cike take da jajayen. Ya je. Ɗanladi ya yi dariya har ya zauna a kan kunya.

"Mutane suna zuwa min roƙon irin doya. Kai kaɗai ne ka zo roƙon cizo."

Suka yanko sheƙa biyu suka zura a buhu, Muntaka ya ɗaure baki, ya hau bayan okada ya rungume. Buhun yana da ɓula a gindi. Tela ne, da allura a jikin hularsa, amma bai duba ba. Ba su yi nisa ba mai okada ya fara tuƙi da kafaɗa. Can ya tsaya a gefen titi ya tuɓe riga.

"Baba, don Allah me ka ɗauko?"

"Ma'aikata."

"To su sauka su hau tasu motar."

Da rarrashi da ƙyar aka iso. Muntaka ya rataye abin da ya rage a rassa, ya koma tabarma yana susa yana jira. Bai yi kyau ba. Jajayen manya ne, kowace tana iya kama kiyashi ta raba shi biyu, amma kafin ta gama da ɗaya goma sun rataye a ƙafafunta. Kiyashi kuma suna ta hauhawa daga ƙasa kamar ana ɗebo su a rijiya. Cikin 'yan kwanaki sheƙun suka bushe, suka zama kango. Ya kira Ɗanladi a waya.

"Ai ba mu ɗebo da uwarsu ba," in ji Ɗanladi. "Tana can wata sheƙar da ban sani ba. Ba uwa, ba ƙari. Baƙi ka kai gidan mutane su yi faɗa. Sai dai ka sami waɗanda gidansu ke kusa, waɗanda in an kashe goma za a aiko ɗari."

Gida na kusa guda ɗaya ne, kuma Muntaka ya san mai shi.

Ranar da ya shirya, Zuwairatu ta gan shi ya fito da babbar riga da sabuwar hula, ba Juma'a ba, ba ɗaurin aure ba.

"Ina zuwa haka?"

"Nan baya."

"Nan baya da babbar riga?" Ta ajiye muciya. "Biko za ka ke nan. Lokacin da na yi yaji ina amarya, ƙaninka ka aiko sanye da silifa. Tururuwa kuwa ka tafi da kanka."

"Ke na san za ki dawo."

"Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe da surukan."

Msurshima ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, ta bar shi ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar doya da lafiyar jikoki har ya gaji. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Yana son a ɗaura igiya daga bishiyarta zuwa tasa.

"Su tururuwa da ka kashe?"

"Su."

"Ni ban san suna aiki ba fa. Na bar su ne don ba ni da lokacin su. Yanzu da na sani, ya zama wahala." Ta gyara zama. "Na ɗaya, ka ce ka yi laifi. Da baki, ba da riga ba."

Ya ce ya yi laifi. Ta ce ba ta ji ba, injin niƙa yana ƙara. Ya sake faɗa.

"Na biyu, matan coci namu suna da anko. Telan da na kai ma ya ɗinka mini hannu ɗaya ya fi ɗaya. Kai za ka gyara."

Muntaka, wanda manyan gari suka yi layi a shagonsa, ya koma gida da rigar mata a hammata. Ya farke ta gaba ɗaya ya sake, don ba ya iya gyaran aikin wani rabi da rabi.

Igiyar da ta kai tsawon ita ce igiyar shanyar Zuwairatu. Ya kwance ta tana barcin rana. Da ta tashi ta ga zannuwanta a jere a kan katanga, igiyarta kuma a sama ta tsallaka gidan maƙwabta, sai ta dube shi irin duban da ake ajiyewa don gaba.

Wannan karon ya yi tunani. Ya kwaso ƙyallayen shago, ya jiƙa su da baƙin mai, ya naɗe gindin bishiyar da su kamar rawani, a kan leda don kada man ya taɓa ɓawo. Kiyashin ƙasa suka zo suka tsaya, suka yi ta zagaye. Na sama kuma aka yanke su daga gida. Sannan ya rataya hanjin kaza a tsakiyar igiya don ya jawo jajayen. Na farko shirwa ce ta gode masa. Na biyu ya sa shi a ƙarƙashin ganye, kusa da nasa ɓangaren.

Jajayen suka yi kwanaki suna zuwa bakin igiya suna komawa, kamar masu shawara. Rannan ɗaya ta tako, ta tsaya ta ɗaga gindi sama, ta ƙarasa. Kafin la'asar igiyar ta zama titi, masu zuwa a sama, masu komawa a ƙasa.

Daga nan Muntaka ya zama gidan rediyo.

"Hajiya, sun karɓi reshen gabas."

"Barka."

"Hajiya, na wajen rijiya an yi asara, amma an aiko ƙari."

"Malam, hular Alhaji Ameer da ka ce jibi, yau sati nawa?"

Bai ji ta ba. Yana kallon yadda jajayen ba sa barin reshe in sun ci shi. Sai sun bi shi ganye ganye, sun kafa masu tsaro a kowace mararraba, sannan su wuce. Bayan damina ya ga sheƙar farko a bishiyarsa, koriya shar, ɗinki tsaf. Ya kira Zuwairatu ta gani. Ta tsaya daga nesa, hannu a kan kunne.

"Sun fi Sadisu iya aiki," in ji shi.

"Kar ka bari ya ji."

Sabon ganye ya fito ba baƙi. Bishiyar ta yi fure, ta ɗaura 'ya'ya. Jajayen suka fara tsallake ƙyallen da ya bushe suna sauka ƙasa, suna sintiri har bakin rariya. Muntaka ya ci cizo a wuya, a cinya, da wani wurin da ya sa ya katse sallamar baƙo ya shige ɗaki. Bai kai ƙara ba, don ba shi da wurin kai wa.

Da mangwaro ya nuna, Zuwairatu ta cika alkawari. Ba ta jira sakamako ba, ta aika aka kira Luqman, ya zo da injinsa ya jingine a gindin bishiyar inda kowa zai gani. Sadisu ya zo a matsayin shaida. Msurshima ta hau turminta ta ɗora haɓa a katanga, sanye da rigar ankon, hannuwa daidai.

Aka ce Sadisu ya hau ya tsinko. Ya ɗaga kai ya ga sheƙu, ya ce shi shaida ne, shaida ba ya taɓa kaya. Muntaka ya ɗauko gora mai ƙugiya ya riƙa tsinkowa da kansa, jajaye suna zubo masa a kafaɗa, yana tsaye kamar ana gwada masa riga. Aka cika tire.

Zuwairatu ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta ɗauki wuƙa. Ta yanka na farko, ta duba, ta miƙa wa Luqman. Na biyu ta miƙa wa Sadisu. Na uku aka ɗora wa Msurshima a katanga. Ta ci gaba, tana yanka tana juyawa a rana, ba ta sauri. Muntaka ya fara sakin numfashi.

Sai ta yanka wani, ta tsaya. Kusa da hanci akwai tabo mai laushi, kuma a cikinsa wata 'yar tsutsa fara ta ɗago kai. Muntaka ya gani. Idon da ba ya ganin kafar allura a ɗaki ya ga wannan sarai. Maganar da aka yi ba ta ce tsutsa goma ba, ba ta ce rabin tire ba. Ya dubi injin Luqman, ya dubi tabarmarsa, ya yi shiru kamar yadda ya yi alkawari.

Zuwairatu ta sa bakin wuƙa ta ƙwaƙule wurin ta cilla gefe. Kazarta, wadda ke jiran irin wannan tun da aka fara, ta haɗiye kafin ya taɓa ƙasa sosai.

"Luqman, ka ga wani abu?"

Luqman ya dubi tiren da bai ƙare ba. "Hajiya, ni ci nake yi."

"Sadisu?"

"Ni kaza na gani."

"Ni ina nesa," in ji Msurshima, ba a tambaye ta ba.

Zuwairatu ta gatsa sauran, ta tauna a hankali. "Tun bayan sallah ban tsinci kiyashi ko ɗaya a kantuna ba," ta ce, tana kallon mangwaron, ba mijinta ba. "Na cire gwangwanayen ma ba ka lura ba, kana can kana yaƙi. Luqman, ɗauki injinka. Ka ɗebi biyar ka kai wa yara."

"Rumfar fa?" in ji Sadisu.

"A yi ta can bayan kicin, inda ba abin da zai faɗo min a kunne. Kuma a saya min igiya. Waccan ta zama tasu."

Msurshima ta buga katanga da tafin hannu. "Baba Tela, kar ka manta yara na ne suna yi maka aiki. Kowane shekara tire ɗaya."

"Madam, ai a gidana suke kwana yanzu."

"Uwarsu yana gida na."

Muntaka ya koma tabarmarsa ya ɗauko hular Alhaji Ameer. Hasken yana nan inda ya bar shi. Ya zura zare ke nan wata ja ta faɗo masa a wuyan riga ta kafa haƙora. Ya runtse ido, ya sa yatsu biyu ya ciro ta a hankali, ya miƙa hannu ya ɗora ta a jikin bishiyar, ya jira har ta kama hanya.

Zuwairatu tana kallo daga bakin kicin.

"Ni da nake cizonka da baki tun kana da baƙin gashi," ta ce, "ba ka taɓa ɗaga ni haka ba."

"Ke ba kya kama ƙuda."

Ta ce zai ga ƙuda a tuwon dare, ta shige da tiren.